INA YARA KE WASA A YAMAI?

A ƙauye babu mai tambayar inda yaro zai yi wasa. Dandali na nan, farin wata na nan. Maza su yi langa da kokowa, 'yan mata su yi gaɗa, tsofaffi na zaune a ƙofar gida idonsu na kan kowa. Amma wanda ya kwashi iyali daga Dogondutsi ko Madawa ya sauka Yamai, nan da nan zai ga abin ya sake.

Yamai ta zama babban birnin Nijar a 1926. A ƙidayar 2012 mutanenta sun haura miliyan 1. Gidaje sun cinye filaye. A unguwanni irin su Bukoki, Wadata da Talaje, sau da yawa iyali da dama ke haya a gida guda, tsakar gidan kuwa ta girki ce da wanki da shanya. Sai yaro ya fita titi da ƙwallonsa, inda taksi da babura ke wucewa. Da damina kuma ga kwata cike da ruwa. Manyan yara sukan lallaɓa filin lakkwal idan an tashi, ko su nufi wajen filin wasa na Janar Saini Kunce da aka buɗe a 1989. To, ɗan shekara 3 fa?

Wurin da ya fi dacewa da shi shi ne gidan tarihi na ƙasa, wanda mutanen gari ke kira Mize. An kafa shi a 1959, yana ɗauke da sunan marigayi Bubu Hama, tsohon shugaban majalisar dokoki. Faɗinsa hekta 24 ne, a tsakiyar gari, ba nisa da kogi. Akwai itatuwa, akwai inuwa, mota kuma ba ta damun mai tafiya. Yaro sai ya yi gudu iya ƙarfinsa. Ga zaki, ga kura, ga kada, ga dorina, ga birai. Yaron da ya sha jin labarin kura a tatsuniyar Gizo, a nan zai fara ganinta ido da ido, galibi kuma sai ya ruga ya ɓuya bayan zanen uwarsa.

Manya ma ba su rasa abin kallo. An gina ɗakuna da bukkoki irin na Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Abzinawa. Masaƙa da maƙera da dukawa na aikinsu a gaban jama'a. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a Gadafawa cikin jihar Agadas, har da wani kada mai tsawon kimanin mita 10. Akwai kuma busasshen iccen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai cikin hamada, har wata babbar mota ta buge shi a 1973 aka kawo shi nan.

Sai dai a lura da lokaci. A watan Afrilu zafin Yamai yakan wuce digiri 40, don haka gara a je da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a hannu. A kwanakin salla kuwa Mize cika take maƙil da yara cikin sababbin kaya. Abin sha'awa ne, amma a irin wannan cunkoso ne ƙaramin yaro ke ɓacewa. Mai goyo gara ta zaɓi ranar da babu biki. Kada kuma a bar yaro ya miƙa wa biri hannu.

Akwai dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewayen gari a 1965 don tare iska da ƙura. Inuwarsa na da daɗi, amma gine-gine da shara sun ci wurare da yawa a cikinsa.

Bakin kogin Kwara kuwa, wajen gadar Kenedi da ta haɗa gari da Harobanda tun 1970, wurin shan iska ne da maraice. Yaron da ya tashi a ƙauyen rijiya bai san ƙarfin kogi ba. Ana iya nuna masa jiragen masunta da lambunan bakin ruwa, amma hannunsa na cikin hannun babba har a koma gida.