Kayan Yajin Indiya da Namu

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so mu yi magana a kan abin da mu ke lasa kullum amma ba mu tambayar asalinsa, watau kayan yaji.

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan miya a kasuwar Jimeta ya san yadda su ke jera citta da kanumfari da kirfa da hulba da kurkum. A can zai ga ƙullin garin kori. Da yawanmu muna tsammani kori wani itace ne guda. Ba haka ba ne. Haɗi ne na kurkum, wanda ke ba shi launin rawaya, da hulba da barkono da waɗansu ƙwayoyi. An shirya shi domin Turawan Ingila tun ƙarni na 18, don su sami ɗanɗanon abincin Indiya a gida ba tare da wahalar daka ba.

Su mutanen Indiya kuwa kowane gida da irin nasa haɗi, ana ce masa masala. Na arewa da ya fi suna shi ne garam masala, watau haɗi mai ɗumi: kirfa da kanumfari da baƙin masoro da ɗan'uwan cittarmu mai 'ya'ya. A kan ɗan gasa su, a niƙa, a barbaɗa sa'ad da za a sauke tukunya don kada ƙanshin ya tashi. Mutanen Bengal su kan haɗa ƙwaya biyar, cikinsu har da hulba da habbatus-sauda, ba su niƙawa, sai su jefa cikin mai mai zafi. Dalili kuwa, ƙanshin yaji ya fi kama mai bisa ga ruwa.

To, ashe ba mu da nisa da su. Mahaifiyata ba ta daka yajinta sai da kimba da masoro da citta da barkono, kuma ba ta yarda maƙwabciya ta san awonta. Wannan ba masala ba ne?

Ga abin mamaki. Kanumfari daga tsibiran Maluku na Indunusiya ya fito, sunansa kuwa daga Larabci muka aro. Neman baƙin masoro ne ya kai Vasco da Gama Kalikut a 1498. Barkono kuma, da mu da Indiyawa duk baƙonmu ne, gama daga nahiyar Amurka aka kawo shi bayan 1492. Mu kuwa muna noma citta a kudancin Kaduna, har ana kai ta ƙasashen waje.

Abin da ya dame ni ke nan. Lokacin da na fita gwajin koyarwa, na tarar yara sun san sunan kowane dunƙulen miya na kanti, amma kaɗan ne suka gane kimba da na ɗaga ta. In muka yi sakaci, sunayen za su ɓace, sanin ma ya bi su.

Malamanmu sun koya mana mu fara da abin da yaro ya sani, sa'an nan mu kai shi ga wanda bai sani ba. Don haka ina ba mu shawara, ran darasin labarin ƙasa kowa ya shiga aji da ƙullin yaji biyar da taswira. Yaro ya sansana, ya faɗi sunan da Hausa ko Fulatanci ko Bacama, sa'an nan ya nuna ƙasar da abin ya fito. Wanda ya shaƙi kanumfari ba zai manta Zanzibar ba, inda aka dasa shi a ƙarni na 19.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.