Shekarar da Muka Sake Kafa Rumfuna a Tanut

Kasuwar Tanut da ƙafa biyu take tafiya, hatsin manomi da bisashen makiyayi. Duk wanda ya tashi a Damargu ya san haka tun kafin ya iya lissafi. Badagire da Bahaushe su kawo hatsi da wake, Buzu da Bafillace su kawo raƙumi da sa da akuya da cuku, ayarin Bilma ya sauke kantun gishiri da dabino ya ɗauki hatsi ya juya. Sauranmu, masu awo da maɗinka da mahauta da ƴan koli, a tsakanin waɗannan biyun muke samun na tuwo. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da Jajiduna ce babbar matattarar fatake, lokacin da ake bi ta Damargu daga Kano zuwa Agadas, a wuce Gat har Tarabulus. Baturen nan Barth ma ta nan ya ratsa a farkon 1851. Jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 ya kashe waccan doguwar hanya, amma cinikin hatsi da dabba ya ci gaba abinsa. Abin da na ga ya kusa kai shi ƙasa shi ne farin 1984.

Mahaifina mai awo ne. Rumfarmu tana cikin layin masu hatsi, ni kuma a lokacin saurayi ne ɗanye, aikina riƙe bakin buhu da share tiya da tafin hannu. Damina ta ƙi a shekarar. Kafin ma a gane ta ƙi, tun watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ta kuma canza takardun naira, sai waɗanda suka ɓoye naira a tukunya suka wayi gari da takardar banza. Hatsin da aka saba shigowa da shi daga kudu in namu ya gaza, ya tsaya. Shi ya sa har gobe mutanenmu ke kiran wannan yunwa El Buhari.

Da farko kasuwa cika ta yi, cikar da ba ta alheri ba. Makiyaya suka kwararo daga arewa da shanu ƙashi da rai, kowa yana so ya rabu da su kafin su faɗi. Na ga saniyar da aka bayar a kan ƴan tiyoyin hatsi, mai ita ya juya baya don kada ya ga lokacin da ake jan ta. Mahauta suka yi ta yanka suna shanya nama har suka gaji, don babu mai saye. Daga nan sai kara, kasuwar dabbobi, ta yi tsit. Mutane suka fara zare jiki, wasu Damagaram, wasu ta ɓarauniyar hanya zuwa Kano, samari kuma Arlit da Libiya. Rumfar da mai ita ya tafi, ba ta daɗewa: yau a zare zana, gobe a tumɓuke dirka a kai murhu. Ban ga laifin kowa ba, mai yunwa ba ya tambayar itacen wane ne. Jar dawar taimako da aka riƙa rabawa ita ta riƙe ran waɗanda suka zauna, amma ba a kasuwa ake rabon ta ba, don haka ko ita ba ta jawo mana ƙafar mutum ɗaya ba.

Ruwa ya dawo a 1985, aka samu abin da aka samu a gonaki. Muka zaci shi ke nan. Ashe da sauran aiki. Hatsi ya shigo layinmu, amma wa zai saya? Manomi yana da nasa a rumbu. Mai sayen hatsi na gaskiya makiyayi ne, shi kuwa ba shi da abin da zai sayar ya sami kuɗin. Motocin da ke zirga-zirga tsakanin Damagaram da Agadas suka koma wucewa ba tare da sun kashe inji ba.

A nan ne dattawan layin suka fara zama bayan la'asar a gindin masallacin kasuwa. Ba ƙungiya ce mai suna da hatimi ba, tabarma ce kawai da buta. Ni nake kai musu ruwa, shi ya sa na ji yawancin abin da aka faɗa. Muhawarar farko a kan rumfuna aka yi ta. Wani Alhaji mai shaguna biyu ya dage cewa a fara da gyaran wuri.

"Baƙo in ya hango kufai ba ya sauke kaya," in ji shi. "A tayar da rumfuna, a share, mutane za su dawo."

Wani tsohon dillalin raƙuma ya girgiza kai. "Alhaji, Allah ya daɗe da ranka, rumfa ba ta sayen hatsi. Mutanen da kake jira suna nan bayan gari, ko akuya ba su da ita."

Maganar Alhaji aka bi, don ita ce mai sauƙin gani da ido. Aka sa ranar gayya. Zamanin Seyni Kountché ne, samariya tana da ƙarfi, sarkin samari ya sa aka yi shela da ganga. Kara dai an samu bayan girbi, mata suka saƙa zana, amma itacen dirka ya zama aiki, domin fari ya cinye daji, ga kuma dokar gandun daji a kan ɗanyen itace. Sai da muka riƙa bin matattun itatuwa da jakuna, mu fita da asuba mu dawo rana tsaka. Ruwan kwaɓa laka ma sai an saya, wanda ya san zurfin rijiyoyin Damargu ya san abin da nake nufi: jaki ko raƙumi ne ke jan guga, ya yi tafiya mai nisa kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya. Duk da haka aka yi. Ranar gayya makaɗa suna zuga mu, ƴan mata suna kawo hura da ruwa, kafin magariba layinmu ya miƙe tsaf kamar ba a taɓa yin komai ba. An kafa har da rumfunan waɗanda suka tafi, aka ce kowa ya dawo ya tarar da wurinsa.

Ranar kasuwa ta zo, muka zauna cikin sababbin rumfuna muna kallon juna. Ta gaba ma haka. Ba zan ce aikin banza aka yi ba, ko ba komai mun sami inuwa, kuma gayyar ta sa mutanen da kowa ke fama da kansa sun sake cin abinci a akushi ɗaya. Amma dillalin nan ya fi mu gaskiya, kuma bai taɓa cewa "ai na faɗa muku" ba.

Abubuwan da suka tayar da layin ƙanana ne, ba wanda aka kaɗa wa ganga. Na farko daga mata ya fito. Masu hura da ƙosai da masu tuwo sun watse saboda jarinsu ya tafi cikin cikin ƴaƴansu. Innata da ƙawayenta suka tayar da adashi, zubin dala biyar biyar, wadda ba ta da kuɗi ta zuba tiya guda. Sharaɗinsu ɗaya ne: wadda ta kwasa, ranar kasuwa ta fito da sana'a, ba ta sayi zane ba. Uwar adashin wata gwaggo ce mai kaifin baki, har gida take bin wadda ta yi nawa. Shekaru bayan haka, da aka kawo tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, innata dariya ta yi ta ce an dai ƙara musu akwati da kwaɗo ne.

Mahauta su ma suka yi tasu dabara. Babu mai iya sayen dabba shi kaɗai, sai suka riƙa yin watanda: a haɗa kuɗi a sayi akuya ɗaya, a kasa, a gasa wani sashe a bakin layi. Sarkin fawa cewa ya yi ko da asara za a hura wuta kowace ranar kasuwa, domin mutumin ƙauye in ya ji ƙamshin tsire daga nesa ya san kasuwa tana ci. Masu hatsi kuma suka aika wa wani direban kamiyo a Damagaram cewa ya tsaya, sun ɗauki alkawarin cika masa mota da buhuna, in kuma ba ta cika ba za su biya kuɗin gurbin da ya rage. Sau da yawa sun biya ɗin. Amma da sauran direbobi suka ga mota tsaye ana lodi, su ma suka fara rage gudu.

Babban al'amarin shi ne bashi, kuma a kansa aka fi samun saɓani. Dillalin ya kawo shawarar kowane mai awo ya ɗauki iyalai kaɗan daga cikin makiyayan da ya saba ciniki da su, ya riƙa ba su hatsi har Allah ya mayar musu da dabba. Wasu suka ce wannan ai kyauta ce aka sa mata wani suna. Mutumin da ba shi da gida sai tanti, in ya bi ciyawa ya nufi Tarka ko Aderbissinat, ina za ka gan shi? Dillalin ya ce shi ne shaida, ya san uban kowa da rijiyar da kowa ke shayarwa. Ya kuma tuna musu da habbanaye na Fulani, yadda mai shanu ke ba wanda ya rasa aron karsana, ta haihu a hannunsa ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. "Su suna yi wa junansu da saniya," ya ce, "ku ku yi musu da tiya."

Mahaifina yana cikin waɗanda suka yarda. Ina tuna wani Buzu dogo da ya saba zuwa mana da raƙuma, ranar ya zo a ƙasa, rawaninsa ya koɗe, ya tsaya nesa da rumfa kamar mai jiran wani. Baba ya miƙe ya tarye shi, suka daɗe suna gaisawa, ana tambayar iyali da gajiya da sanyi, ba wanda ya ambaci hatsi. Can Baba ya ce mini, "Kai, auna wa babanka goma." Na auna, na share bakin tiya yadda na saba. Baba ya harare ni, ya sa hannu ya ƙara tozo a kan kowace. Ya ɗauko wani littafin ƴan lakwal, ya rubuta sunan mutumin da ajami, ya ja layi goma. Buzun bai yi godiya da baki ba. Ya kwance wani ƙaramin zobe na azurfa zai ajiye, Baba ya tura masa abinsa.

Littafin nan ya cika, aka sayi wani. Ba kowa ya biya ba, kada in yi ƙarya. Akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda suka shiga Aljeriya ba a sake jin ɗuriyarsu ba, akwai kuma wanda muka riƙa gani a kara yana sayar da raguna yana kauce wa layinmu. Masu awo biyu sun karye a kan wannan bashi, ɗayansu har ya bar garin, kuma ban ji wanda ya tara masa komai ba, abin da har yau nake ganin tabo ne a kan dattawan tabarmar nan. Amma mafi yawa sun biya, da ɗan akuya, da cuku, da tabarmar kaba, daga baya da kuɗi. Awaki su suka fara dawowa don suna saurin haihuwa, sai tumaki, shanu da raƙuma sai da aka shekara da shekaru. Wanda kuwa ka ciyar a wancan lokaci, ko tiyarka ta fi ta maƙwabci tsada da dala ɗaya, wurinka zai sauke buhunsa, ya kuma turo ɗansa.

Bayan nan kasuwar ta sha wasu gwaje-gwajen. Tawayen da aka yi a arewa a farkon shekarun 1990 ya sa hanyar Agadas sai da rakiyar soja, har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995. Karya darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin kayan shaguna, ko da yake ta sa dabbobinmu sun yi wa ƴan Najeriya araha, dillalai suka ji daɗi, ƴan koli suka koka. Yunwar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, ta sake zaunar da mu a tabarma, sai dai wannan karon akwai bankunan hatsi a ƙauyuka da hatsin rangwame na hukumar OPVN, akwai kuma zaɓaɓɓun kansiloli tun zaɓen 2004 da ake iya kai wa kuka. Na lura bashin tiya bai yi yawa kamar na da ba. Mutane sun koyi jiran buhun da za a rubuta sunansu a kansa.

Da aka mayar da Belbeji gunduma mai cin gashin kanta a 2011, na riƙa zuwa can sayen wake da awaki. Na tarar samarin wurin suna irin muhawararmu ta da, kalma da kalma: wasu na cewa a gina shaguna na siminti tun da ma'aikata za su zo, wasu na cewa a fara da ruwan shayar da dabbobin da ake kawowa kara. Wani yaro mai cajin waya da faranti mai aiki da hasken rana ya tambaye ni ra'ayina, na ce masa, "Ɗana, duba wanda ke kawo muku kuɗi ranar kasuwa, ka tambaye shi abin da ke hana shi kwana." Ya ce zai tambaya, ya ci gaba da jera wayoyin Fulani a kan tebur, kowace da ƙyallen da mai ita ya ɗaura mata don kada ta ɓace.

A Tanut kuwa yanzu rigimar ta koma wani wuri. Matasa sun fi son bakin kwalta, inda motocin Agadas da tankokin matatar mai ta Soraz ke wucewa, can ake sayar da fetur a kwalba da katin waya da taliya. Layin masu awo yana nan, ƙanena ne ke zaune a rumfar Baba, an sa mata kwano a maimakon zana. Da Najeriya ta sake rufe iyaka a 2019, da kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya sayi sabon littafi. Shi da boko yake rubuta nasa, kuma yana karɓar lambar waya.