Libarbar Kakanmu

Bayan rasuwar mahaifinmu muka taru a gida, a wani ƙauye kusa da Gagarawa, domin mu buɗe tsohon akwatinsa na ƙarfe. A ƙarƙashin riguna da takardun gona muka sami wani ƙunshi. Sa'ad da muka kwance shi, sai ga libarba cikin gidanta na fata, tare da lambobin soja biyu da harsashi huɗu.

Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ce ta ba mu labari. Kakanmu yana cikin sojojin Afirka ta Yamma waɗanda Turawan Ingila suka kai yaƙin Bama. Shi ne odalen wani hafsa Bature. Da yaƙi ya ƙare a 1945, za su rabu, sai hafsan ya ba shi wannan bindiga don tunawa da wahalar da suka sha tare.

Gaskiya abar sha'awa ce. Ƙirar Webley ce ta birnin Birmingham a Ingila. Tana da 'yar ganga mai ramuka shida wadda take juyawa, kowane rami da harsashinsa. In an karya ta a tsakiya, kwanson harsasan duka su fito gaba ɗaya. Tun 1836 Samuel Colt na Amurka ya yi rajistar irin wannan dabara, maƙera kuwa suka yi ta gyara ta. Muka riƙa miƙa wa juna ita, kowa yana jin kamar ya kama hannun Kaka ne.

Mutanen ƙasar Gumel ba baƙin bindiga ba ne. Kakanninmu sun sha jin ƙarar bindigogin Damagaram, inda har igwa aka ƙera a zamanin Sarki Tanimu. Har yau 'yan bindiga sukan cika gari da hayaƙi ran hawan Salla, maharba kuma sukan gāji bindigar toka wurin iyayensu. Amma libarba dabam take. Ba a farauta da ita, ba a korar biri a gona da ita. Domin mutum aka yi ta.

Ƙanenmu wanda yake zaune a Sule Tankarkar, mai fataucin dabbobi, ya ce, "Yaya, a bar mini ita. Kowace Alhamis ina dawowa daga kasuwar Maigatari da dare, da kuɗi a jikina." Ba mu raina maganarsa ba, gama tsoronsa na gaskiya ne. Amma muka tuna masa da dokar bindigogi ta 1959. Bindigar toka, Kwamishinan 'Yan Sanda yana iya ba da lasin ɗinta. Libarba kuwa tana cikin makaman da aka hana, ba mai riƙe ta sai da izinin Shugaban Ƙasa. Dokar ba ta ware ta gado ba, wanda aka kama da ita kuwa ɗauri mai tsawo yana jiransa.

Muna cikin wannan gardama sai ɗanmu mai shekara 9 ya leƙo, ya ce, "Baba, ai mun san ta. In Kaka ya yi barci mukan ɗauko ta mu yi wasan soja." Ɗakin ya yi tsit. Harsasan nan huɗu suna cikin ƙunshi ɗaya da ita dukan wannan lokaci. Goggo ta rufe fuska da zane, ta ce, "Ku fitar mini da ita daga gidan nan."

Ba mu ɗauke ta mun hau hanya ba. Muka fara gaya wa mai unguwa, ya raka mu da Kawu ofishin 'yan sanda, muka yi bayani. Suka zo suka karɓe ta, suka ba mu takardar shaida. Kafin su tafi muka ɗauki hotonta. Ƙanenmu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarmu. Daga baya ya zo da kansa, ya ce yanzu shi da abokan fataucinsa tare suke dawowa, da sauran rana.

Gidan fatar da lambobin da hoton suna wurin Goggo. In jikoki suka taru takan fito da su, ta ba su labarin Bama, da jirgin ruwa, da ruwan sama wanda ba ya ɗaukewa. Wani lokaci mukan ji kewar bindigar, ba za mu ɓoye ba.

'Yan'uwa masu karatu, gidaje da yawa suna da irin wannan akwati na tsohon soja ko maharbi. Ku buɗe shi da kanku tun yara ba su riga ku ba.