Lokacin da Ake Zuwa Coci da Damin Dawa

Ina yaro, babu ranar da ta kai ta godiyar kaka armashi a cocin ƙauyenmu. Maza su shigo da damin dawa a ka, matan zumunta na biye da ƙoren gyaɗa da kabewa suna waƙa, wani ya rungumo zakara yana fuffuka, a jibge komai gaban bagade. In an tashi sujada, dattawan ikilisiya su zauna rabo: ga na fasto, ga na gwauraye da marayu, ga wanda za a aika wa mai bishara da ke can wani lungu. Ban taɓa jin an ce wa mai dami ɗaya zai girbi ɗari baɗi ba. Godiya ake yi a kan abin da ya riga ya shiga rumbu. Shi kansa faston manomi ne, da damina mukan yi masa gayya, kuma a kan tsohon keke yake zaga marasa lafiya.

Kada a ɗauka mutanen wancan zamani ba su sa rai da ci gaba ba. Sun sa, da yawa kuma sun samu. Mishan ɗin CMS da ya tashi daga birnin Zariya ya koma Wusasa a 1929, shi ya yaye Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara. Sai dai ƙofar da suka bi kowa ya san ta, wato aji da alli da shekaru na haƙuri. Abin da aka ajiye wa talaka shi ne makaranta, da asibiti irin na Garkida da na Galmi, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda saboda shi tsofaffi da furfurarsu suka zauna koyon baƙi.

Iska ta juya ne da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Naira ta faɗi, albashi ya daina kai ƙarshen wata, masaƙun Kakuri na ta sallamar ma'aikata. Cikin wannan ƙunci wa'azin wadata ya sami kunnuwa. Tushensa Amurka, wajen su Oral Roberts mai koyar da shuka iri, wato a ba da baiko don a girbi ninki, Benson Idahosa kuma ya yaɗa shi daga birnin Benin. Sannu a hankali ya ratso har cikin tsofaffin coci-cocinmu, baiko ya zama jari, shaida ta zama labarin mota da biza.

Ba na ganin laifin mai jin yunwa idan ya roƙi Allah abinci, ni ma ina roƙo. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ya sami gwaggona. Wani baƙon mai wa'azi ya zo taron farkawa, ta sayar da akuyarta guda ɗaya tak ta shuka iri don ɗanta ya sami aiki. Shekara ta zagayo shiru. Da ta yi ƙorafi, sai aka ce bangaskiyarta ce ta gaza. Matar da ta yi shekara arba'in tana share coci kowace Asabar ta koma zama a bencin baya, kanta a sunkuye. A zamanin damin dawa, ita za a kai wa hatsi har gida.

Dattawan ikilisiya, makullin akwatin baiko a hannunku yake. Kafin ku sake gayyato mai wa'azin da zai ce a zo gaba da ambulan, ku fara ƙirga gwauraye nawa ne a cocinku suka kwana jiya ba su ɗora tukunya ba.