Faifan Mamman Sani da Kwalin Kaset na Gidanmu

A wannan makon ban kawo labarin ƙwallo ko kacici-kacici ba. Zan yi magana ne a kan wani faifan kiɗa wanda babu mai rera waƙa a cikinsa ko mutum ɗaya. Na san wasu 'yan ajinmu za su ce to mene ne amfaninsa, domin sun riga sun faɗa mini haka lokacin tara. Ina roƙo a karanta har ƙarshe kafin a sake faɗa.

Sunan faifan La Musique Électronique du Niger. Faransanci ne, ma'anarsa kiɗan lantarki na Nijar. Wanda ya yi shi wani mutumin Nijar ne mai suna Mamman Sani Abdoulaye. An ɗauki kiɗan a shekarar 1978, aka fitar da shi a kaset, sannan aka sake fitar da shi a faifan garmaho a 2013, wato bayan shekara 35. Ni a wayar yayana na ji shi. Shi yana kunna shi ne da daddare idan zai yi karatu, wai yana hana shi jin hayaniyar janareton maƙwabta.

Kiɗa shida ne a ciki, kuma duk da ogan aka yi su. Ogan wani ɗan uwan fiyano ne mai aiki da lantarki, yana kama da wanda ake kiɗan finafinan Hausa da shi, sai dai wannan tsohon yayi ne. Akwai wani ɗan bugu da na'urar ke yi da kanta, tik-tik, ba ya sauri ba ya gajiya. A kansa sai sautin ogan ya riƙa tafiya a hankali, ya hau, ya sauko, ya koma inda ya fara. Ba ya sa mutum rawa. Idan kana aiki sai ka manta da shi, idan kuma ka tsaya ka kasa kunne sai ka ji ashe akwai abubuwa da yawa a ciki. Turawa suna kiran irin wannan kiɗa ambiyent. Ni na sa masa suna kiɗan shimfiɗa, domin kamar tabarma yake: a shimfiɗa, a zauna a kai, a yi hira.

Abin da ya sa na damu da faifan nan shi ne kakata. A Maraɗi ta tashi, a can aka yi mata aure, kafin kakanmu ya dawo da su gida Najeriya. Wani dare an ɗauke wuta muna tsakar gida, yayana ya kunna kiɗan, sai ta daina jan carbi ta ce, "Kai, ina ka samo kiɗan rediyonmu?" Ta ce irinsa ake sakawa tsakanin shiri da shiri lokacin da suke can, kuma idan ta ji shi ta san labarai sun kusa. Har ta riƙa bin sautin da hanci. Na ce, "Kaka, wa ya yi shi?" Ta ce, "Ke kishiya, kiɗan rediyo har yana da mai shi?"

Dariya muka yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shekaru masu yawa gidan rediyo da gidan talbijin na Nijar suna amfani da kiɗan Mamman Sani don cike gurbi tsakanin shirye-shirye. Mutane sun haddace shi kamar yadda muka haddace ƙarar ƙararrawar makaranta, kuma da yawa ba su taɓa tunanin akwai wani mutum da ya zauna ya tsara shi ba. Mawaƙi irin Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos da muryarsa ake gane shi, wani lokaci ma yakan ambaci sunansa a cikin waƙa. Mai kiɗan da babu murya ba shi da wannan dama. Idan ba a faɗi sunansa ba, shi ke nan.

Ga kaɗan daga tarihinsa. Mamman Sani ya yi aikin koyarwa, ya kuma yi aiki da hukumar UNESCO. A wajen wani taro ne ya ga wani wakili daga Ruwanda da ogan ƙirar Orla, na ƙasar Italiya, ya lallashe shi har ya sayar masa. Da ya kawo shi gida bai tsaya kwaikwayon kiɗan Turawa kawai ba. Ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin mutanen Nijar, na Buzaye da na Fulani Wodaaɓe da na makiyaya, ya mayar da su kan ogan. Akwai kuma nasa na kansa, kamar mai suna Salamatu, wanda na soyayya ne. A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa a Yamai, ya kaɗa sau ɗaya, ya sake kaɗa wani a kan na farkon, aka haɗa. An shirya fitar da kaset ɗin ne tare da ma'aikatar al'adu, amma shirin bai yi nisa ba. Kaset kaɗan ƙwarai aka buga.

Wani abin mamaki, a wannan shekara ta 1978 ne wani Bature ɗan Ingila mai suna Brian Eno ya ɗauki kiɗan da ya yi don a riƙa sakawa a filin jirgin sama, kuma shi ne ya yaɗa kalmar ambiyent a duniya. Duk mai son irin wannan kiɗa ya san sunansa. A shekara guda suka yi aikinsu, ɗaya a Turai ɗaya a bakin kogin Kwara, amma na Yamai sai da ya jira shekara 35 kafin mutanen waje su ji labarinsa. Ban ce wani ya kwaikwayi wani ba. Na dai lura cewa inda mutum yake zaune yana da tasiri a kan ko za a san shi.

Yadda aka gano shi kuwa kamar a tatsuniya. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, yana binciken tsofaffin kaset a ɗakin ajiyar wani gidan tarihi a Yamai, sai ya ci karo da na Mamman Sani. Ya nemi mai shi, ya same shi da ransa, suka yi yarjejeniya, aka fitar da faifan. Daga baya kamfanin ya fitar da wasu kiɗe-kiɗensa na shekarun 1980 waɗanda ba a taɓa fitarwa ba, har aka gayyace shi ya yi wasa a Turai.

Ku yi tunanin da kaset ɗin nan ya lalace kafin a zo. Kaset ba shi da ƙarko. Zarensa siriri ne, faɗinsa bai kai milimita 4 ba, kuma sautin yana manne ne a jikinsa ta hanyar maganaɗisu. Zafi yana sa ya miƙe, danshin damina yana sa ya yi fumfuna, ƙurar hunturu tana shiga ciki. Idan aka ajiye shi kusa da babbar lasifika sautin na iya dushewa. Ga kuma rikoda mai cin zare, wadda iyayenmu suka sani sarai, har da dabarar sa biro a nannaɗe.

Shi ya sa ake yi wa tsohon sauti gyara kafin a sake fitar da shi. Na tambayi malaminmu na kimiyya, na kuma karanta, ga abin da na fahimta. Ana kunna zaren a na'ura mai kyau a kwashe sautin zuwa kwamfuta. Sai gwani ya rage shuuu ɗin nan da tsohon kaset ke yi, ya daidaita inda ya yi ƙasa da inda ya yi tsini, ya gyara idan gudun zaren ya karkace. Idan faifai za a yi, sai wata allura ta sassaƙa sautin a kan wani faranti mai laushi, a layi guda siriri da ke zagayawa daga baki zuwa tsakiya. Daga farantin ake yin ƙarfen bugawa, da shi kuma ake danne roba mai zafi ta zama faifai. Babban faifai faɗinsa inci 12 ne, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti guda, kowane gefe yana ɗaukar wajen minti 20. Idan za a saurara, allura ce ke bin layin tana karkarwa, karkarwar ta koma lantarki, lantarkin ya koma sauti. Sai na gane dalilin da ya sa Hausawa suka kira shi faifai, don da gaske yana kama da wanda Kaka ke rufe ƙwarya da shi.

A kiɗan Mamman Sani har yanzu ana jin tsufa a sautin, bai yi tas kamar waƙoƙin yanzu ba. Yayana yana ganin da an ƙara goge shi. Ni ban yarda ba. Da an goge shi ƙal, wataƙila Kaka ba za ta gane kiɗan rediyonsu ba.

Akwai abu ɗaya da ke damuna. Duk unguwarmu na tambaya, babu gidan da ke da garmaho mai aiki. Wato an mayar da kiɗan maƙwabtanmu kan abin da yawancinmu ba mu da na'urar kunna shi, masu sayensa kuma galibi suna Turai da Amurka. Da na faɗi haka a taron kulob, wata 'yar aji uku ta ce ai ba don faifan ba da kiɗan bai shiga intanet ba, da kuma bai iso wayar yayana ba. Gaskiya ta faɗa, kuma ina ganin mutumin da ya tono kaset ɗin ya cancanci godiya. Duk da haka ina tambayar kaina me ya sa sai da wani ya taso daga Amurka, alhali kaset ɗin yana Yamai, mai shi ma yana Yamai.

Da na yi wannan tambaya sai na tuna muna da namu kwalin. Yana ƙarƙashin gadon Kaka, na ƙirga kaset 41 a ciki. Akwai na wa'azi, akwai na karatun Alƙur'ani, akwai na Shata, waɗannan duk ana samunsu a wani wuri. Amma akwai guda uku da babu irinsu a ko'ina. A da, idan mutum ya yi tafiya mai nisa kuma bai iya rubutu ba, sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba ya kai gida. Kakanmu ya yi haka lokacin da yake fatauci a Kumasi. Ya rasu kafin a haife ni, hotonsa ɗaya kawai na sani. Kaka ta ce a ciki yana gaida kowa da sunansa, har da akuyar gidan, yana kuma faɗa wa babanmu ya daina guje wa makarantar allo. Baba ya ce bai tuna da wannan ba.

Ban taɓa jin muryar ba, domin rikodar gidanmu ta mutu tun ina firamare. Na ɗaga ɗaya daga cikin ukun a hasken rana na ga wani farin abu a gefen zaren. Malam ya ce kada mu kuskura mu sa shi a kowace irin rikoda, mu fara gwada ta da kaset ɗin da ba mu damu da shi ba, idan ba ta cin zare sannan mu sa na kakan, mu ajiye waya kusa da lasifika mu ɗauka tun a kunnawar farko. Ya ce wannan bai kai gyaran da gwanaye ke yi ba, amma ya fi a zauna ana kallon kwali.

Saboda haka ina cigiya. Duk ɗalibin da ke da rikoda mai aiki a gidansu, ya nemi izinin iyayensa, ya same mu a ajin da kulob ke taro ranar Alhamis bayan an tashi. Mu za mu sayi batir. Wanda kuma yake da irin wannan kaset na saƙon murya a gida, ya zo da shi a cikin leda, ya rubuta sunan mai maganar a takarda ya manna a jiki.