Dariyar nan ta fara yawa

Jama'a, yau ku yi haƙuri da ni, rubutun zai ɗan yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Na gaji da hotunan barkwancin nan da yara ke kira mim. Ba wai ba na son raha ba ne, waɗanda muke ofis ɗaya da su shaida ne. Abin da ke damuna shi ne yanzu ba mu da wata amsa ga kowace irin masifa sai wannan. Babban layin lantarki na ƙasa ya durƙushe, kafin injiniyoyi su gano inda matsalar take an riga an haɗa hoto ana ta yaɗawa. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, kwanon masara ya bi sahu, amma abin da ya cika WhatsApp shi ne hoton jaki an rubuta masa sunan sabuwar mota. Lokacin canjin kuɗi, tsofaffi na yini a ƙofar banki saboda dubu biyar, mu kuma muna nan muna tura wa juna sitika.

Ku tuna 2018, da aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a wani ofishin gwamnati a Makurɗi. Wallahi an yi dariya, an zana macijin da tumbi, wasu har hula suka sa masa. To amma mu da muka tsufa da fayil a hannu mun san kuɗin gwamnati ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai rasit, akwai littafin da ake shigar da shi, akwai wanda ya kamata ya kai banki, akwai oditan da ya kamata ya duba. Tambayoyin da suka dace ke nan. Cikin dubban da suka yaɗa hoton, mutum nawa ne suka bi diddigin maganar bayan sati biyu? Macijin muka riƙe, miliyoyin muka saki. Idan ni ne mai wawurar dukiyar jama'a, babu abin da zan fi so kamar a mayar da ni abin dariya, domin wanda aka yi wa dariya an riga an yafe masa rabi.

Duk lokacin da abin ya ishe ni sai in ajiye waya in koma wa tsohon kiɗan rok, wanda na gada daga yayana tun muna juya kaset da biro don kada batir ya ƙare. Na san wasu za su ce, Malam, kai da girmanka me ya haɗa ka da kiɗan Turawa? Bari in ba ku misali ɗaya.

Ranar 4 ga Mayun 1970, dakarun tsaro suka buɗe wuta a jami'ar Kent State da ke jihar Ohayo a Amurka, inda ɗalibai ke zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam. Ɗalibai huɗu suka mutu. Neil Young ya ga hotunan abin a mujallar Life. Ku lura, shi ma hoto ya gani, kamar yadda mu ma muke gani kullum. Sai ya zauna ya rubuta waƙar "Ohio", shi da abokan kiɗansa suka naɗe ta a cikin watan, kuma ya ambaci sunan shugaban ƙasa Nixon ƙarara. Wasu gidajen rediyo suka ƙi sa ta. Yau sama da shekara 50 ke nan, duk wanda ya ji waƙar sai ya tambaya su wa aka kashe, kuma me ya sa. A nuna mini mim ɗaya da ya kai wata shida yana sa mutane yin tambaya.

Abin haushi ma, su kansu waƙoƙin ba su tsira ba. "Fortunate Son" ta ƙungiyar Creedence Clearwater Revival, wadda ta fito a 1969, kuka ce a kan yadda ake tura ɗan talaka fagen daga ɗan mai hali yana gida. Wane ɗan Najeriya ne ba zai gane wannan ba? Amma yanzu an mayar da ita kiɗan da ake liƙa wa duk bidiyon da helikwafta ya gifta. An bar kiɗan, an zubar da maganar.

Na yarda, wani lokacin abin na da ɗan amfani. A 2020 wani bidiyon TikTok ya dawo da "Dreams" ta Fleetwood Mac cikin jerin waƙoƙin da aka fi saurare, waƙar 1977 fa. Sai dai da yawa daga yaran 'yan daƙiƙoƙin da suka ji a bidiyon kawai suka sani.

Ni kuwa abin da ya sa nake ƙaunar kiɗan nan shi ne ba ya gaggawa. "Telegraph Road" ta Dire Straits minti 14 ce. Tana farawa a hankali, ta ba ka labarin yadda gari ya kafu, masana'antu suka zo, daga baya aiki ya ƙare mutane suka rasa na yi. Duk sanda na ji ta sai in tuna masaƙun Kaduna da Kano da aka rufe. A ƙarshe Mark Knopfler ya bar jita ta yi ta magana ita kaɗai na tsawon mintuna. Ba a jin irin wannan ana latsa waya, sai ka zauna. Kuma zaman ba baƙon abu ba ne a wurinmu: iyayenmu sun saurari Shata da Ɗan Maraya daga farkon kaset har ƙarshensa ba wanda ya ce a tsallake. Faifan Pink Floyd na 1973, The Dark Side of the Moon, kusan minti 43 ne, waƙa na shiga cikin waƙa, a kan kuɗi da lokaci da tsufa da taɓin hankali. Da nake ɗan jami'a kiɗan kawai nake ji. Yanzu da nake ƙirga shekarun da suka rage mini kafin ritaya, sai ya zama kamar da ni ake.

Masu cewa kiɗan Turawa ne, tushensa daga bulus na baƙar fatan Amurka yake. Ginger Baker, makaɗin ganga na ƙungiyar Cream, ya zauna a Legas har ya yi faifai da Fela a 1971. Paul McCartney a Legas ya naɗi yawancin Band on the Run a 1973. Ga Bombino na Agadas nan kusa da mu, ku saurari jitarsa ku ji. Ba kuma rayuwar mawaƙan nake karewa ba, da yawansu ƙwaya ta cinye su, Jimi Hendrix yana da shekara 27 ya mutu. Batun halaccin kiɗa kuwa na bar wa malamai, ba shi ya kawo ni yau ba.

Na san me zai biyo baya. Kafin la'asar wani ƙanena zai ɗauki hotona ya rubuta "Baba ya fusata" ya sa a gurup ɗin gida. Ya yi, Allah ya shirye shi. Roƙona dai, idan labarin mutuwa ne ko na sace mutane, kada wanda ya turo mini shi da fuskar dariya a jiki.

Sannan wanda ya san mai gyaran rakoda na kirki a cikin gari ya yi mini magana. Tawa ta fara cin kaset, kuma na Dire Straits ɗin nan shi kaɗai ya rage mini.