Hoton Likita da Ilmin Gaibu

'Yan uwa, yau zan ba ku labarin wata tambaya da ta hana ni barci.

Lokacin da aka tabbatar yayata tana da sankarar mama, likitoci sun ce za a fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cutar ta jijiya kafin tiyata. Sun kuma ce bayan an ɗan yi nisa za a sake ɗaukar hoton MRI, domin a hango ko ƙarin zai bi maganin. Da muka fito sai ta dube ni ta ce, "Ƙanena, wannan ba shiga gaibu ba ne? Wa ya san gobe in ba Allah ba?"

Na rasa amsa, domin ƙarshen Suratu Luƙman ya karantar da mu cewa sanin abin da gobe za ta haifar na Allah ne Shi kaɗai. Sai na koma bincike. Na gano cewa na'urar ba gobe take kallo ba, yau take kallo. Ana sa wani ruwa a jijiya, hoton ya nuna girman ƙarin da yadda jini ke shiga cikinsa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna cewa auna girman ƙari da MRI tun farkon magani ya fi lalube da hannu iya nuna wadda maganin zai yi wa aiki. Duk da haka, hukunci na ƙarshe sai an yi tiyata an duba naman a ɗakin gwaji.

Na ce mata, "Yaya, manomin da ya ga hadari ya haɗo ya ce za a yi ruwa, bai yi da'awar gaibu ba. Alama ya karanta, kuma hadarin yana iya watsewa."

Ta yarda aka ɗauki hoton. Ya nuna ƙarin bai ragu yadda ake fata ba, sai likitoci suka sauya tsarin maganin, maimakon ta ci gaba da shan wuya a kan abin da bai karɓe ta ba. Ranar na gane cewa ko labari mai ɗaci rahama ne idan ya zo da wuri.

Mu riƙi sababi, mu bar wa Allah sakamako. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.